Mai Iri-Iri Ne: Yadda Za Ka Gane Shi, Ka Zaɓa, Ka Adana, Ka Yi Aiki Da Shi

Kalma ɗaya ce, mai, amma dubi yawan kayan da take ɗauke da su. Wanda ake soya kifi da shi mai ne, wanda ake zubawa a injin mota mai ne. Na shafawa a jiki, na keken ɗinki, na birki, da na ƙamshi da ke cikin 'yar mitsitsiyar kwalba, duk sunansu mai. Santsi ne ya haɗa su suna, sai kuma ƙin jituwa da ruwa da galibinsu ke yi. To amma kama da wane ba ta wane. Idan ka bi diddigin ɓarnar da mai ke jawowa, tun daga tukunyar da ta kama wuta har injin da ya ƙone da yaron da ya kurɓi kananzir, za ka tarar ɗayan abu uku ne ya faru: an sa wani mai aikin da ba nasa ba, ko an kai shi zafin da ya fi ƙarfinsa, ko an ajiye shi inda bai kamata ba.

Mataki na farko: san dangin da ya fito

Dangi uku ne manya. Na farko shi ne man tsirrai da na dabbobi: man gyaɗa, manja, alayyadi, man riɗi, man zaitun, man kwakwa, man waken soya, man angurya, man kaɗanya, man shanu da kitse. Ginin su iri ɗaya ne. Kowace ƙwaya gilisarin ce guda ɗaya riƙe da sarƙoƙi uku na kitse, kuma siffar sarƙoƙin ce ke yanke hukuncin halin man. Idan miƙaƙƙu ne sai su jeru su manne da juna kamar itace a dami, man ya daskare. Idan masu lanƙwasa ne ba sa iya jeruwa, sai man ya zauna ruwa. Shi ya sa man shanu ke da tauri, man zaitun kuwa ke malala. Man kwakwa yana kan iyaka, yana narkewa a wajen digiri 24, don haka kwalba ɗaya za ta iya zama fara fat da sanyin asuba ta koma ruwa garai-garai da rana, kuma babu abin da ya same ta.

Na biyu shi ne man ƙasa, wato duk abin da aka tace daga ɗanyen mai: fetur, kananzir, dizal, baƙin mai na inji, giris, da man shafawa irin su Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872. Wannan dangi ba abinci ba ne. Hanji ba ya narkar da shi, ba a yin sabulu da shi, kuma ba ya saurin lalacewa, abin da ya sa ya dace da ƙarfe.

Na uku shi ne man ƙamshi da ake tatsa daga ganye, fure ko ɓawo, galibi da tururi: na kanumfari, na na'a-na'a, na itacen turare, na ɓawon lemo. A haƙiƙa ba kitse ba ne. Ka ɗiga shi a farar takarda, ka ɗiga man girki a gefensa, ka dawo bayan wasu awanni. Na girkin zai bar tabo mai sheƙi da ba ya tafiya, na ƙamshin kuwa galibi zai bi iska. Idan kwalbar da aka sayar maka a matsayin tsantsar man ƙamshi ta bar da'irar maiƙo mai kauri, akwai alamar an tsinka ta da wani mai.

Akwai halin da ya kamata ya zauna a kai tun yanzu domin zai dawo a gaba: mai bai kai ruwa nauyi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta man girki kuwa kimanin giram 920. Duk inda suka haɗu, mai ne a sama, ruwa a ƙasa.

Mataki na biyu: zaɓi na girki gwargwadon zafin da za ka kai shi

Tambayar da aka fi yi ita ce wane mai ne ya fi kyau, ni kuwa a ganina tambayar da ta fi amfani ita ce wane aiki zai yi. Kowane mai yana da zafin da idan ya kai sai ya fara hayaƙi. A nan ƙwayoyinsa ke tarwatsewa, ɗanɗano ya ɓaci, wani tururi mai yaji ya tashi yana sa hawaye da tari.

Abin da ke ɗaga wannan iyaka ko sauke ta shi ne tacewa. Man da aka matse kawai aka tsiyaye yana riƙe da ƙamshinsa da launinsa da wasu sinadarai masu amfani, amma 'yan guntattakin da ke cikinsa suna saurin ƙonewa. Wanda aka tace a masana'anta, aka cire masa launi da wari, ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani, amma yakan jure zafin da ya haura digiri 220. Suyar da ake nutsa abinci cikin mai tana buƙatar digiri 170 zuwa 190, saboda haka tataccen man gyaɗa ko na waken soya ko farin manja sun isa wannan aiki da rara. Ɗanyen man shanu yana fara ƙonewa tun wajen digiri 150 saboda ragowar madarar da ke cikinsa, amma idan aka narkar da shi aka raba shi da ruwan da gutsattsarin madarar, sai ya koma cikin masu jure zafi sosai. Man zaitun na matsar farko yana iya ƙaramar suya, sai dai asara ce a kai shi babbar wuta, tunda ƙamshin da ya ba shi daraja shi ne farkon tafiya. Haka ma jan manja: jan launinsa daga karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Idan aka bar shi a wuta har ya washe, launin da amfanin tare suke tafiya.

Ta fuskar lafiya, giram ɗaya na kowane irin mai yana ba da kalori 9 na kuzari, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya kimanin giram 14 ne, wato wajen kalori 120, ko na zaitun ne ko na kitse. Jiki yana buƙatar mai, domin bitamin A, D, E da K ba sa shiga jini yadda ya kamata sai da shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini, kada mai daskarewa ya kai kashi 10, kuma a riƙa musanya shi da wanda ke zama ruwa. Ga mai cin kalori 2,000, kashi 30 ɗin bai wuce giram 67 ba, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a nama, madara da kayan kanti.

Akwai nau'i ɗaya da ban ga dalilin sassauta masa ba, wato kitsen tirans na masana'anta. A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Normann ya samo hanyar cusa iskar haidirojin cikin man tsirrai ya daskare, ya daɗe bai lalace ba. Masu yin biskit da majarin sun yi maraba da shi shekaru da dama kafin a tabbatar cewa yana ƙara mugun kolestarol (wani nau'in maiƙo da ke cikin jini), yana rage mai kyau, yana toshe hanyoyin jinin zuciya. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi da doka a 2003, sannan a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci baki ɗaya. Idan rubutun jikin kwali ya nuna an haɗa man da haidirojin rabi-rabi, mayar da shi inda ka ɗauko.

Mataki na uku: duba shi kafin ka saya

Ka duba ranar ƙarewa da hatimin murfi. Ka ɗaga shi ka kalli haske: tataccen mai garai yake, ba gurɓata, ba ruwa kwance a ƙasa. Wanda ba a tace ba yana iya samun ɗan laka a gindi, wannan ba aibi ba ne. Idan da dama ka sunsuna. Kada ka yarda da man ci da aka zuba a jarkar da ba ka san me ta taɓa ɗauka ba. A Sifen a 1981 an sayar wa mutane man da aka tanada don aikin masana'anta a matsayin man girki mai sauƙin kuɗi, kusan mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu. An kuma sha kama manjan da aka ƙara wa ja da rinin masana'anta wanda aka haramta a abinci. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: adana shi

Abokan gabarsa iska, haske da zafi. Iskar da muke shaƙa tana kama sarƙoƙin nan masu lanƙwasa tana karya su, haske da zafi kuma suna hanzarta aikin. Shi ya sa man da ya fi zama ruwa ya fi saurin juyawa, man kwakwa da na kaɗanya kuwa su daɗe. A rufe murfi ƙam bayan kowane amfani, a sa a wuri mai duhu, a nisanta shi da murhu ko da kuwa nan ne ya fi sauƙin miƙa hannu. Idan babbar jarka ka saya, ka riƙa tsiyaya kaɗan a ƙaramar kwalba busasshiya don aikin yau da kullum. Jiƙaƙƙen cokali kada ya shiga ciki. Man da ya juya yana warin tsohon fenti, yana da ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, bakin kwalbarsa yana danƙo. Dumama shi ba ya gyara shi.

Mataki na biyar: suya

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne mai ke nuna ƙarfinsa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da ka hura masa, mai kuwa yana ninka wannan. Idan ka saka abinci a mai mai zafi, ruwan da ke samansa yana zama tururi nan take. Kumfar da kake gani ba man ne ke tafasa ba, ruwan abincin ne ke fita. Saman ya bushe ya yi ɓawo, cikin kuma ya dahu da tururinsa.

Ka fara da busasshiyar tukunya mai kauri da zurfi. Kada man ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinta, domin zai taso idan abinci ya shiga. Ka ɗora a matsakaiciyar wuta, ka juya mariƙin zuwa ciki inda hannun yaro ko gefen tufa ba zai fizge shi ba. Don gane ko ya yi zafi, tsoma bakin busasshen cokalin katako: idan ƙananan kumfa suka kewaye shi a natse, ya yi. Ko ka jefa ɗan guntun burodi, idan ya yi ja cikin kimanin minti ɗaya to zafin ya dace. Kada ka gwada da ɗigon ruwa.

Ka tsane abincin sosai kafin ya shiga, musamman wanda ya fito daga firji da ƙanƙara a jikinsa. Ka zura shi a hankali yana fuskantar nesa da kai, ba jefawa ba. Kada ka cika tukunya. Kowane yanki da ya shiga yana sauke zafin man, idan suka yi yawa sai ɓawo ya ƙi samuwa da wuri, abincin ya daɗe a ciki, ya fito ya sha mai ya yi laushi. Mutane kan ɗora laifin a kan man, alhali haƙurin soyawa kashi-kashi ne ya yi ƙaranci. Idan ka kwashe, ka tsane a matsami ko kan raga, ka bar man ya sake ɗaukar zafi kafin kashi na gaba, ka kuma tsame guntattakin da suka rage don su ne ke ƙonewa su baƙanta shi. Gishiri a barbaɗa shi bayan an kwashe, ba a kan tukunya ba.

Ana iya sake amfani da man suya, amma da sharaɗi. A bar shi ya huce sarai, a tace da kyalle mai tsabta, a rufe a ajiye a duhu. Wanda aka soya kifi a ware shi don kifi. Kowane zagaye na wuta yana sauke zafin da man ke fara hayaƙi, don haka idan ya yi duhu, ya yi kauri yana jan zare, yana kumfar da ba ta kwanciya, ko yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, aikinsa ya ƙare. Ƙara masa sabo ba ya mayar da shi sabo, lalata sabon yake yi.

Idan ya kama wuta

Hayaƙi gargaɗi ne. Da ka gan shi, kashe wuta. Idan aka ƙyale mai ya ci gaba da zafi zai kai inda zai kama da kansa ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, kuma galibi hakan na faruwa ne a 'yan mintocin da mai girki ya fita amsa waya ko ƙofa.

Idan ya riga ya kama, hannu zai so ya kai ga ruwa. Kada ka yarda. Ka tuna ruwa ya fi mai nauyi: zai nutse ƙarƙashin man da ke ci, ya zama tururi a take, tururi kuwa yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya haife shi. Kofi ɗaya ya isa ya watsa man mai ci har rufin ɗaki da fuskar wanda ya zuba. Abin yi shi ne ka kashe gas ko lantarki idan hannunka zai kai ba tare da ka ratsa wutar ba, ka zura murfin ƙarfe ko faranti na ƙarfe daga gefe ka rufe tukunyar, ko ka lulluɓe ta da bargon kashe gobara. Sannan ka bar ta a rufe aƙalla rabin awa, domin buɗewa da wuri yana ba ta iska ta sake tashi. Kada ka ɗauki tukunyar ka ce za ka fita da ita. Kada ka watsa gari. Idan wutar ta wuce tukunya, fitar da kowa, ja ƙofa, kira 'yan kwana-kwana.

Wanda mai ya ƙona, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe ko agogo kafin kumburi. Kada a shafa mai, ko man shanu, ko man goge baki, domin suna riƙe zafin a cikin fata kuma suna wahalar da mai wanke ciwon. A rufe da abu mai tsabta marar gashi. Idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, ko tana fuska, hannu ko al'aura, ko yaro ne, sai asibiti.

Mataki na shida: na fata da gashi

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe ta yake yi don wanda ke ciki kada ya tsere. Saboda haka lokacin shafa shi shi ne bayan wanka, jiki da sauran danshi. Man kaɗanya da Vaseline sun fi dacewa da busasshen wuri kamar dunduniya, gwiwa da leɓe. Man kwakwa yana yi wa gashi kyau don yana shiga cikin silin, amma a fuskar mai yawan ƙuraje yana iya toshe ƙofofin fata. Duk sabon mai, a shafa kaɗan a cikin damtse a jira kwana ɗaya ko biyu a gani. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ya guji mansu da ba a tace ba, ko a ci ko a shafa. Babu man girki ko na shafawa da ke maye gurbin man kariya daga rana. Mai kuma yana raunana roba irin ta safar hannu da kwaroron roba har ta yage.

Man ƙamshi yana buƙatar tsanaki na musamman, domin ƙanƙantar kwalbarsa tana yaudara. Ba a shafa shi tsantsa. Ga babba, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya isa, wato ɗigo 6 zuwa 12 a cikin babban cokali biyu na man kwakwa ko na zaitun. Wasu man ɓawon lemo suna sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta bayan shafawa. Man itacen turare, kafur da man darbejiya suna iya jefa ƙaramin yaro cikin farfaɗiya idan ya haɗiya, ko da kaɗan ne. Kasancewar abu daga ganye ya fito ba shaidar cewa ba ya cutarwa ba ce. Kada kuma a ɗiga kowane irin mai a hancin jariri ko a ɗura masa a baki, domin yana iya zarcewa huhu, huhu kuwa ba ya iya fitar da mai.

Mataki na bakwai: na inji

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su taɓa juna, ya kwashe zafi, ya ɗauke dauɗa zuwa matata. Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, kaurinsa suke faɗa. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda yake gudu da sanyi, ƙaramar lamba tana nufin zai yi saurin zagaya inji da an tayar. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi. Ana yawan zaton mai kauri ya fi kare inji, amma injunan zamani ƙofofin mansu matsattsu ne, kaurin da ya wuce ƙa'ida yana jinkirta isarsa inda ake buƙata. Littafin motar ko murfin wurin zuba mai ya riga ya faɗi wanda ya dace, a bi shi.

Ga yadda ake aunawa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a jira wasu mintoci man ya gangaro. A zaro sandar awo, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Idan ya yi ƙasa a ƙara kaɗan-kaɗan ana sake aunawa, domin wuce alamar sama ma illa ce, man yakan yi kumfa ya kasa aikinsa. Baƙin launi kaɗai ba ya nufin ya mutu, musamman a injin dizal inda yake saurin yin baƙi. Abin tsoro shi ne ya koma launin shayi da madara, alamar ruwan lagireto yana shiga cikinsa, ko a ji warin fetur sosai, ko a ga ƙyalƙyalin ƙarfe. Idan aka canza mai a canza matatarsa tare. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a gangara gefe a kashe inji nan take, ba a ce bari in ƙarasa ba.

Babur mai kulocin da ke wanka cikin man inji yana son wanda aka rubuta wa JASO MA, saboda wasu man mota suna sa kulocin zamewa. Ƙananan injuna masu bugu biyu kuwa ana haɗa musu nasu man, mai alamar 2T, cikin fetur. Idan littafin ya ce 50:1, yana nufin mililita 20 a kowace lita. Janareto da awannin aiki ake lissafa canjin mansa.

Man birki suna kawai ya ara. Irin su DOT 3 da DOT 4 ba daga dangin baƙin mai suke ba, suna ma tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu kuma kada a yi amfani da kwalbar da ta daɗe a buɗe. Idan baƙin mai ya shiga wurinsa, robobin birki za su kumbura birkin ya ƙi ci. Ga masu walda da masu jinya a gida: mai ko giris kada ya kusanci bakin tukunyar iskar oksijin, haɗuwarsu tana iya tayar da wuta ba ashana.

Ƙananan ayyukan gida

Keken ɗinki, almakashi, injin aski da maɗaurin ƙofa suna son siririn farin man inji, ɗigo ɗaya ko biyu, a goge ragowar. Kada a sa musu man girki. Ranar farko zai yi santsi, bayan 'yan makonni ya zama danƙo ya kama ƙura ya riƙe abin da aka so ya sake. Wannan danƙon kuwa shi ake nema a kaskon baƙin ƙarfe: a shafa man girki siriri ƙwarai, a gasa har ya bushe ya yi baƙi, a maimaita, sai ya zama rufin da ke hana tsatsa da kamun abinci.

Man linsid da ake shafa wa katako yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, kuma yana fitar da zafi yayin hakan. Tsumman da aka jiƙa da shi aka dunƙule a kwandon shara yana iya kamawa da wuta da kansa cikin dare. A shanya shi a buɗe a waje har ya bushe ƙarau, ko a nutsa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Kananzir, fetur da man birki kada su taɓa shiga kwalbar ruwa ko ta lemo, ko na minti biyar ne. Yaro kwalba yake ganewa, ba abin da ke ciki ba. Idan ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. Babban haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake, kuma amai ne ke kai shi can. A cire masa tufar da ta jiƙe, a wanke fatar, a tafi asibiti da kwalbar ko da yana wasa kamar babu komai, domin wahalar numfashi tana iya bayyana bayan awanni.

Tabo da ragowa

Idan mai ya zuba a tufa, a danna da takarda a tsotse, kada a murza. A barbaɗa garin sitaci ko hoda a bari ya sha, a kakkaɓe, a shafa sabulun wanke kwanuka a wurin, sannan a wanke da ruwa mai ɗumi. Sabulu yana iya wannan aiki ne saboda ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya yana kama mai ɗaya yana kama ruwa, kuma shi kansa daga mai da soda ake yin sa. A duba tabon kafin guga, domin zafin dutsen guga yana zaunar da shi.

Tsohon man girki ba a zuba shi a magudanar wanke-wanke. Yana tafiya da ɗuminsa ya daskare a gaba, ya kama duk abin da ya biyo. A 2017 an tarar da dunƙulen kitse da tsummoki a magudanar unguwar Waitcafel da ke Landan, nauyinsa kimanin tan 130, tsawonsa mita 250. A bar shi ya huce, a ɗura a kwalba a rufe, a sa a shara ko a bai wa masu tattarawa. Ana yin sabulun wanki da shi, ana kuma sarrafa shi ya zama man dizal. Wannan ba sabon tunani ba ne, tun a baje-kolin Faris na 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Baƙin man da aka juye daga inji ya fi wannan haɗari, domin ya kwaso ƙarafa da ragowar ƙuna waɗanda yawan taɓa su ke da alaƙa da kansar fata. Ba a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba, ba a hura wutar girki da shi, ba a zubar da shi a ƙasa inda zai gangara ya iske ruwan rijiya. A sa safar hannu mai jure mai yayin juyewa, a tara shi a galan ɗin da sabon ya fito, kada a gauraya shi da man birki ko ruwan lagireto, a kifa tsohuwar matatar ta tsane a ciki, a rubuta a jikin galan ɗin abin da ke ciki, sannan a kai wa gareji ko wurin da ke karɓa don sake tacewa.